Disney a Orlando: rana da mararraba suka kawo masa kasuwa, zafi da guguwa na cin ribar

Sharhinmu na yau ya leƙa Amurka ne, jahar Florida, inda wurin shaƙatawa mafi jan jama'a a duniya yake.

A watan Mayun 2025 an samu labarai biyu a jere. Ranar 7 ga wata kamfanin Disney ya ba da sanarwar za a gina sabon wurin shaƙatawa da sunansa a Abu Dabi, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ranar 22 kuma kishiyarsa, kamfanin Universal, ya buɗe wani katafaren wuri mai suna Epic Universe a birnin Orlando na Florida, inda shi Disney ya daɗe da kafa nasa. To me ya sa kowa ke rububin Orlando? Kuma me zai kai mai neman jama'a ƙasar da zafinta ke hana fita da rana? Amsar tana cikin abu biyu da kowane ɗan kasuwa ya sani: inda ka kafa rumfarka, da irin yanayin da ke sauka a kanta.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsa ba, Walt Disney World gari ne guda na wasa. Akwai lilo iri-iri, akwai jiragen da ke gudu kan dogo suna hawa suna gangarowa, ga gidajen kallo da otel-otel da tabkuna. Manyan filaye huɗu ne a ciki. Na farkonsu, Magic Kingdom, an buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 1971, kuma a 2023 shi kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 17.

Yadda aka zaɓi wurin

Walt Disney, mai kamfanin, ya fara buɗe Disneyland a 1955 a garin Anaheim na Kalifoniya, can yammacin Amurka. Wurin ya karɓu, amma abu biyu suka dame shi. Na ɗaya, akasarin Amurkawa a gabashin ƙasar suke zaune, kuma Kalifoniya ta yi masu nisa. Na biyu, filin da ya saya bai da yawa, nan da nan ƙananan otel da shaguna suka kewaye shi, ba damar faɗaɗawa.

A watan Nuwamban 1963 ya shiga jirgin sama ya yi shawagi a kan tsakiyar Florida. Abin da ya gani a ƙasa fadama ce da gonakin lemu da makiyayar shanu. Amma ya ga wani abu kuma: manyan hanyoyin mota biyu, Interstate 4 da Florida Turnpike, za su gicciye juna a kusa da Orlando, ga kuma filin jirgin sama a gefe. Duk wanda ya san yadda hanyar Katsina ta raya kasuwar Maraɗi, ko yadda Birnin Ƙonni ke ci daga mararrabarta, ya san abin da mutumin nan ya hango.

Sai kamfanin ya shiga sayen filin a ɓoye, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu gonaki su ji sunan Disney su tsuga kuɗi. Ya tara wajen hekta 11,000 a kan dala miliyan 5 da ƴan kai. Kuma bai je bakin teku ba, ya shigo cikin ƙasa kusan kilomita 100 daga gaɓar Atlantika, inda fili ke da araha, guguwar teku ma kafin ta iso ta rage ƙarfi. Walt Disney ya rasu a Disamban 1966, bai ga buɗewar ba. A 1970 mutanen birnin Orlando ba su cika 100,000 ba. A 2024 baƙin da suka ziyarci yankin sun kai miliyan 75.

Hunturun da ba ya rufe ƙofa

Hanya kaɗai ba ta isa ba. A arewacin Amurka hunturu na zuwa da dusar ƙanƙara, dole wuraren wasa irin Cedar Point na jahar Ohayo su rufe wajen rabin shekara. Ma'aikata su watse, injuna su kwanta, bashin banki kuwa yana nan yana tafiya. A Orlando kuwa, ko a watan Janairu, da rana ma'aunin zafi kan kai wajen digiri 22. Ƙofa a buɗe take tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Mutumin New York ko Kanada da sanyi ya takura ma sai ya kwashi iyali ya gangaro kudu. Shi ya sa makon Kirsimeti da sabuwar shekara ne lokacin da cunkoso ya fi yawa, tikiti ma ya fi tsada.

Ba a nan gizo ke saƙa ba

Yanayin da ke kawo riba da hunturu, shi ne ke cin ta da bazara. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Orlando kan kai digiri 33. Mutumin Tawa ko Damagaram da ya saba da 42 a watan Afrilu zai ce ai wannan wasa ne. To amma namu busasshen zafi ne, in ka samu inuwa ka sha ruwa, gumi ya bushe ka ji dama. Nasu cike yake da laima, kamar zufar da ke rufe mutum kafin saukar ruwan damina, sai dai ita wuni take yi. A haka uba zai tsaya cikin layi awa guda da yaro a kafaɗa. Kusan kullum da la'asar kuma hadari ke haɗuwa, kuma tsakiyar Florida na cikin wuraren da tsawa ta fi yawa a Amurka. Da an ga walƙiya ta matso, sai a tsaida duk lilon da ke waje.

A Yulin 2023 jaridun Amurka sun ba da labarin cewa layuka sun ragu a Disney World a makon bikin ƴancin ƙasar, lokacin da aka saba cika maƙil. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya ce tsananin zafi na cikin dalilai. Wasu sun ce tsadar tikiti ce, don ko a ranar araha kuɗin shigar mutum guda ya haura dala 100, wato sama da jikka 55 na sefa. Duka biyun suna iya zama gaskiya, don wanda ya biya wannan kuɗi ba zai so ya wuni yana neman inuwa ba. Kamfanin da kansa ya san haka: ranakun ƙarshen Agusta da Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta zafi kuma bai sauka ba, su ne mafi araha a shekara.

Sai kuma guguwa. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Nisa da teku ya rage ɓarna, amma bai hana rufewa ba. An rufe wurin saboda guguwa a 2004, 2016, 2017, 2022, sannan a Oktoban 2024 da guguwar Milton ta ratsa jahar. Kamfanin ya ce Milton da Helene, wadda ta riga ta da mako biyu, sun rage masa riba da kusan dala miliyan 120, wajen miliyar 70 na sefa. Masana yanayi kuma sun daɗe suna faɗin cewa ɗumamar ruwan teku na ƙara ma irin waɗannan guguwowi ƙarfi da ruwa.

Baƙo dai in zafi ya ishe shi sai ya koma otel. Mai shara, mai gadin layi, da wanda ke sanye da kayan wasa masu nauyi yana gaida yara, su ba su da wannan zaɓi. Sama da mutum 70,000 ke aiki a Disney World, ban da direbobi da masu dafa abinci da masu wankin otel na kewaye. A 2024 jahar Florida ta kafa dokar da ta hana hukumomin birane tilasta ma kamfanoni ba masu aiki a waje ruwa da hutu da inuwa. Abin ya koma hannun kowane kamfani da ƙungiyar ma'aikatansa.

Darasin Paris da na Dubai

Ƴan uwanmu na Faransa sun san wani misalin. Da Disney ya tashi shiga Turai, zaɓi ya tsaya tsakanin gaɓar Sifaniya mai rana da kewayen Paris mai sanyi da yayyafi. Aka ɗauki Paris saboda tana tsakiyar jama'a, kuma gwamnatin Faransa ta yarda ta ja layin jirgin RER har ƙofa. Aka buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kilomita 32 gabas da birnin, da rufaffun hanyoyi don masu gudun ruwa. Shekarun farko asara aka yi ta tafkawa: otel sun yi yawa, tattalin arzikin Turai ya ja baya, da hunturu kuma ɗakuna su zauna ba kowa. Sai da aka sake tsarin bashi a 1994. Yau shi ne wurin shaƙatawa mafi karɓar baƙi a Turai. Wuri ya rinjayi yanayi, amma sai da aka sha wuya.

A Dubai kuwa an buɗe Dubai Parks and Resorts a 2016, akasarinsa a fili, a ƙasar da zafin bazara ke wuce 40. An sa ran baƙi miliyan 6.7 a 2017, aka samu miliyan 2.3. Maƙwabciyarta Abu Dabi ta bi wata hanya: Ferrari World, Warner Bros. World da SeaWorld na tsibirin Yas duk a ƙarƙashin rufi suke, da na'urar sanyaya iska. A wannan tsibiri ne Disney zai sauka, yana mai cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na iya isowa cikin awa huɗu a jirgi. Lissafin 1963 ne aka maimaita, sai dai wannan karon mararrabar ta jiragen sama ce, sanyin kuma da lantarki za a saye shi.

Abin lura a nan, idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Orlando ba za ta rasa baƙi gobe ba, don hanyoyinta da otel ɗinta da filin jirginta suna nan. Amma kowace bazara mai tsanani na tura kamfanoni su ƙara rufi, su ƙara injin sanyi, su maida wasanni dare, kuma kuɗin duk wannan a kan tikiti da guminsu ma'aikata yake sauka. Ɗan uwa na Amurka da ke tara kuɗi don kai yara, ya duba kalanda kafin ya duba farashi: arahar Satumba tana tafe da zufa da hadarin guguwa.

Sai mun ji ra'ayoyinku, musamman ku da kuka taɓa zuwa ko kuke aiki a irin waɗannan wurare.