Ra'ayinmu: A Bar Ɗalibanmu Su Koyi Zaman Shawara Tun Yanzu



Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999, ta soma aiki a Janairun 2000, da wuya ikilisiya ta sami biyan wata bukata a jihar nan ba tare da an je an zauna da wani ba. Filin gina majami'a, takardar fili, wurin binne matattunmu, malamin addinin Kirista a makarantar gwamnati, duk sai an zauna. Masu zuwa zaman kuwa su ne dattawan da suka je jiya, kuma furfura ta cika musu kai. Wa muke shiryawa ya gaje su?

Muna da 'ya'ya a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, da kwalejin lafiya ta Tsafe. Sun iya waƙa, sun iya muhawara da Turanci. Amma yawancinsu ba su taɓa cire takalmi sun shiga zauren hakimi da wata bukata ba. Wasunsu ma, abin kunya, haifaffun Gusau ne amma ba su iya gaisuwar Hausa ta manya ba.

Shawararmu ita ce kowace ikilisiya ta tura ɗalibanta aikin sa kai lokacin hutu, ko a ƙungiyar agaji ta Red Cross, ko wajen Zumuntar Mata masu kula da gwauraye da marayu, ko wajen masu taimakon 'yan gudun hijira da suka baro ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu. A can ne yaro zai yi cinikin buhun gero da ɗan kasuwa har a rage masa saboda na marayu ne. Zai nemi izinin mai unguwa kafin a yi rabo. Zai tsaya gaban mata masu yawa alhali buhunan kaɗan ne, ya yi musu bayani har su watse ba faɗa. Zai roƙi ma'aikacin asibiti a duba mara lafiya a kawo cikon kuɗi daga baya. Wanda ya yi wannan sau biyar ya gane cewa gaisuwa ke zuwa kafin bukata, kuma in an ce masa a'a yau, ba a hana shi komawa jibi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Littafi Mai Tsarki. A Farawa 23, Ibrahim baƙo ne a cikin Hittiyawa, yana neman inda zai binne Saratu. Ya rusuna musu, ya ƙi karɓar kyauta, ya biya Efron shekel 400 na azurfa a gaban shaidu, domin kada gobe a ce filin ba nasa ba ne. Dattawan da suka sha wahalar takardar fili sun san amfanin wannan. Daniyel kuwa ɗalibi ne a Babila lokacin da ya roƙi mai lura da su a gwada su kwana goma, ya sami abin da yake so ba tare da ya jefa mutumin cikin hatsari ba. A zamaninmu, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna sun fara aiki tare tun 1995, bayan sun daɗe suna gaba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. A Zamfara da an ce sulhu sai hankali ya tafi wajen 'yan bindiga. Wannan ba aikin ɗalibi ba ne ko kaɗan. Ba mu manta ɗaliban da aka sace a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a Satumban 2023 ba. A tsaya cikin gari, a koma gida kafin magariba. Kada kuma a mai da rabon abinci wurin wa'azi. Yawancin waɗanda za a taimaka Musulmi ne, sun zo ne da yunwa, kuma in aka zargi yaranmu da sayen mutane da hatsi, ƙofar da muke so a buɗe za ta rufe.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta zaɓi dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata su riƙa raka ɗaliban, su zauna a baya su bar yaran su yi magana. In an dawo, a zauna a tattauna inda aka yi daidai da inda aka yi gaggawa. Kuɗin mota da na abincin rana kuwa a fitar da su daga baikon ikilisiya, kada a ɗora wa iyaye.