Raddi ga masu cewa yawan rashin lafiya shi ne yawan mutuwa

Wata magana na yawo a majalisun Hausawan Jidda: wai idan rahoton lafiya ya ce "almarada" ta ƙaru, mace-mace ake nufi, likitoci ne ke sakaya zance don kada alhazai su tsorata. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Sun ce kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya. A'a. Almarada a Larabcin likitoci ita ce adadin waɗanda cuta ta kama cikin jama'ar da aka ƙidaya, a wani lokaci ƙayyadadde. Waɗanda suka rasu kuwa "alwafayat" ake ce wa lissafinsu, shafinsa daban.

Sun ce ai duk inda ciwo ya yawaita, mutuwa ta yawaita. Nan ne kuskuren ya fi girma, kuma amsar tana cikin garin nan na Jidda. A watan Yuni 2012 Dakta Ali Muhammad Zaki ya gano ƙwayar cutar MERS a jikin wani majinyaci a asibitin Sulaiman Fakih. Daga lokacin zuwa yau waɗanda aka tabbatar ta kama a duniya ba su kai dubu uku ba, amma kusan kashi 35 cikin ɗari sun rasu. To a ajiye wannan kusa da tari da murar da ke bin alhazai duk shekara har filin jirgin Sarki Abdul'aziz: masu kamuwa ba iyaka, mafi yawansu kuma su warke a gida. Wace kalma ɗaya ce za ta ɗauki waɗannan halaye biyu?

Hujja ta ukun ita ta fi damuna. Sun ce tunda ajali na hannun Allah, ƙirga marasa lafiya ɓata lokaci ne. Ajali na hannun Allah, babu musu. Amma da cutar MERS ta yi tsanani a Jidda a bazarar 2014, bin diddigin masu kamuwa ɗaya bayan ɗaya ne ya nuna cewa a cikin asibitoci take yaɗuwa, har tana kama ma'aikatan jinya, sai aka tsaurara keɓe majinyata. Haka katin rigakafin sanƙarau da ake tambayar kowane maniyyaci: ɓarkewar cutar a Hajjin 1987 ce ta haifar da shi. Da an jira sai gawarwaki sun taru kafin a fara lissafi, da Hajjin da ya biyo baya ma an shige shi babu kariya.