Yawon Kallon Namun Daji: Me Ya Sa Ɗan Kaura Namoda Sai Ya Je Bauchi?

Idan rani ya yi nisa, wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ne da ma'aikaci mai hutun shekara ko ɗalibin da makarantarsu ta shirya musu yawon buɗe ido suka fi samun biyan bukata a gandun namun daji. Ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi sun taru a bakin ruwa inda ido zai gan su. To, amma mutumin Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi da ke son ya nuna wa 'ya'yansa giwa a dawa, ba a gidan zu ba, sai ya yi tafiyar da ta fi kilomita 600 zuwa Yankari a Jihar Bauchi, alhali kuwa ga manyan dazuzzuka a bayan gidansa. Dalilin wannan abu ya cancanci a tsaya a duba shi, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa a watan Mayu na 2025 cewa za a ɗauki dakarun gadin daji don su tsare dazuzzuka 1,129 da ke ƙasar nan.

Abin da ke Yankari sananne ne. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga 'yan kallo a 1962, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ya zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Baƙo yakan kwana a sansanin Wikki, ya yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, da sassafe kuma a shiga da shi mota a bi gefen kogin Gaji, inda akan ci karo da ɓauna da gwanki da kanki da mugun dawa, in da rabo har da garken giwaye. Kowane baƙo ya biya kuɗin shiga, ya kama ɗaki, ya ci abinci, ya sallami ɗan rakiya. Watau dai dabbar da ke raye tana ciyar da mutanen da ba su taɓa ɗaga mata bindiga ba.

Ƙasar Zamfara ba ta rasa irin wannan daji ba. Tun zamanin Turawa aka shata babban gandun dajin Zamfara a gabashin ƙasar Zurmi da Birnin Magaji, wanda ya haɗe da dajin Rugu na Katsina daga gabas, ya dangana da iyakar Jamhuriyar Nijar daga arewa. Aka bar waɗansu ƙauyukan manoma a cikinsa, kamar su Dumburum da Shamushalle, daga baya kuma aka mai da shi makiyaya bisa dokar da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1965. Daga yamma, tsakanin Shinkafi da Maradun, ga dajin Sububu. Can kudu a ƙasar Dansadau ga Kuyambana, wanda shi an keɓe shi ne musamman don namun daji, kuma yana haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari. Yau in aka ambaci waɗannan sunaye a rediyo, babu wanda barewa ko jimina za ta faɗo masa a rai. Abin da ke zuwa zuciya shi ne sansanin 'yan bindiga da kuɗin fansa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa 'yan bindiga ne suka kori dabbobi da hukuma daga daji. Idan aka bi abin daki-daki, za a ga cewa hukuma ce ta fara janye ƙafa. A zamanin En'e akwai malaman daji da 'yan gadinsu, waɗanda suka san iyakar gandu, suka san burtali da mashaya, suka san maharbin kowane ƙauye. Dokar namun daji ta 1963 ta hana kashe waɗansu dabbobi, ta kuma sa sai da lasin ake farautar waɗansu. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ƙirƙiro sababbin jihohi, har zuwa kafa Jihar Zamfara a 1996, sashen kula da daji ya yi ta komawa baya a wajen rabon kuɗi da ma'aikata. Farin 1973 da na 1984 suka tura mutane da dabbobinsu cikin gandu. Masu gawayi da masu itace suka bi, gonaki suka cinye burtali, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi ba mai raba su. Lokacin da satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addanci, wajen 2011, dajin ya daɗe ba shi da mai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Irin ɓarnar da ta biyo baya ba ta tsaya kan dabbobi ba. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako, don a toshe wa mazauna daji hanyar samun labari da guzuri. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin jihar ta sauke sarkin Zurmi da na Dansadau da hakimin Birnin Tsaba bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Abin lura a nan shi ne, dukkan ƙasashen nan uku a bakin manyan dazuzzuka suke. Kuma da Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandaye goma na ƙasa a ƙarshen 2020, aka sa Falgore na Kano da Kogo na Katsina, amma babu ko ɗaya daga Zamfara.

Wani zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutumin da bai iya zuwa gonarsa ba, ina shi ina zancen kallon giwa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce a kai ɗalibai Dumburum a halin da ake ciki. Sai dai akwai darasi a maƙwabta. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su, aka koya wa samarin ƙauyukan wurin aikin rakiyar baƙi, ƙungiyoyi suka taimaka wa manoma da rijiyoyi da rance. Kafin 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa. A Yankari ma, tun da aka ƙarfafa sintiri a 2014, aka riƙa biyan 'yan gadi kuɗin kwanan daji, aka kuma jawo mutanen ƙauyukan kewaye cikin aikin lura da giwaye, kisan giwa don haurenta ya ja baya ƙwarai.

Kure ɗin kuma ita ce ta nuna iyakar abin. A ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu da suka je kallon raƙuman dawa, baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan rakiya suka rasa abin yi. Ashe ke nan abubuwa biyu ne ke riƙe da gandu: tsaro, da kuma amfanin da talakan da ke gefensa yake samu. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya tsayuwa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna shirin dakarun gadin daji. Jihar Zamfara ta riga ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairu na 2024, ga kuma soja da 'yan sanda. Idan sababbin dakarun za su zama ƙarin masu bindiga ne kawai, waɗanda za su shiga daji da safe su fito da yamma, to, ba a sake zane ba. Aikin ɗan gadin daji zama ne a wurin, rani da damina, da albashi a kan lokaci, da abin hawa, da sanin kowace korama. Ya kamata a ɗauke su daga 'ya'yan manoma da makiyaya da maharban yankin baki ɗaya, don kada wani ɓangare ya ga an ɗaure wa abokin rigimarsa gindi. Wajibi ne kuma a sake auna iyakokin gandaye, a buga su kowa ya gani, a fitar da burtali da mashaya, a kuma bayyana wanda aka ba gona a cikin gandu da wanda ya ba shi. Wannan aiki ne na ma'aikatan ofis da masu safiyo, ba na soja ba.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau, akwai aikin da ba ya bukatar shiga daji. Tsofaffin maharba da tsofaffin malaman daji suna nan da ransu a garuruwa, sun san inda kowace dabba take sha da shekarar da aka daina ganinta. In ba a rubuta abin da suka sani ba, ranar da aka samu lafiya ba za a san abin da za a mayar ba.

Kafin wannan rana, duk wanda ya samu hali ya kai iyalinsa Yankari, ya fara tambayar lafiyar hanya, ya kuma yi tafiyar da rana. Yaron Birnin Tsaba da ya ga giwa tana shan ruwa a Gaji, ya ga ɗan gadi da kakinsa yana karɓar albashi saboda ita, zai komo gida da tambayar da ya kamata hukuma ta shirya amsarta: ina namu dajin, kuma wa ke riƙe da shi?