Wai "Ɓarakar Cikin Gida" Ce, Da Sauƙi

A watan Yulin 2021 kamfanin Qualys na Amurka ya bankaɗo wata ɓaraka a cikin systemd. Ita ce manhajar da ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta mai aiki da Linux, irin su Ubuntu da Debian. Ita ke tada sauran manhajoji, ita ke kula da su. Uwargida ke nan: in ta faɗi, gidan duka ya tsaya.

Abin bai buƙaci wani gwanin kutse daga nesa ba. Duk mai izinin shiga na'urar, ko da ba shi ke riƙe da ragamarta ba, yana iya jera jakunkunan ajiya, wata cikin wata, har sunan hanyarsu ya zarce megabayit 8, sannan ya maƙala su ga tsarin. Da systemd ta zo kwafe wannan dogon suna sai wuri ya gaza mata, ta kife, na'urar ta sandare. Tun Afrilun 2015 kuskuren ke kwance a ciki, shekara shida cur.

Masana na kiran irin wannan "ɓarakar cikin gida", wasu har su ce da sauƙi, tunda sai mutum ya shigo. To, da sauƙi ga wa? Ga mai kwamfutarsa shi kaɗai. Ni dai abin da na saba gani a nan Gure shi ne na'ura ɗaya, hannu goma: ma'aikaci, ɗan koyon aiki, yaron da aka aiko. Kalmar sirri ma ɗaya ce, wani lokaci a manne jikin bango! In ta sandare, wanda ya taso daga ƙauye tun asuba neman takardar haihuwa shi zai koma hannu rabbana, a ce sai mai gyara ya zo daga Damagaram.

Facin wannan ɓaraka ya fito nan take, kuma kyauta. Amma ai faci ba ya sauke kansa. Sai da intanet, sai da mutumin da aka ɗora wa aikin.

Shi ya sa nake cewa duk ƙungiya ko hukumar da za ta kawo mana kwamfutoci, kada mu tsaya ga tafi da ɗaukar hoto ranar biki. A rubuta cikin takardar miƙawa: wa zai riƙa sabunta manhajar, sau nawa a wata, daga ina kuɗin intanet zai fito. Kowane ma'aikaci kuma a ba shi tasa kalmar sirri.