DAGA BAKIN ALLO: An Hana Shisha, Sai Ga Puf

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo mana ba sallama, wanda da yawa daga cikin iyaye ba su ma san kamanninsa ba, alhali kuwa 'ya'yansu sun san sunansa, sun san ɗanɗanonsa, sun kuma san inda ake samunsa. Wannan baƙo shi ne sigarin lantarki, wanda samarinmu ke kira puf. Gwamnatocin duniya sun tashi haiƙan suna kafa masa dokoki, masu shansa kuma suna ta neman hanyar zagayewa. Mu a nan Kamaru mun riga mun ga irin wannan wasan ɓuya a kan shisha, don haka ya kamata mu tsaya mu duba abin da ya faru, kada a maimaita.

Da farko bari in bayyana wa iyaye yadda abin yake. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tsawon yatsa ko alƙalami ba. A cikinta akwai ɗan batir, da wata 'yar waya mai ɗaukar zafi, da wani ruwa da aka haɗa da nikotin, wato sinadarin nan da ke sa mai shan taba ya kasa bari. In aka zuƙa, sai wayar ta yi zafi ta mai da ruwan tururi, mutum ya shaƙa ya fesar. Babu ashana, babu toka, babu warin taba. Abin da za ka ji kawai shi ne ƙanshin mangwaro ko kankana ko alewa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin na zamani a shekarar 2003, da niyyar ya raba kansa da sigari. Amma a watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shansa sun haura miliyan 100, kuma aƙalla miliyan 15 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Wato sa'o'in waɗanda ke zaune gabana a aji kowace safiya.

To, mu dawo gida. A watan Maris na 2022 hukumomin ƙasar nan suka ba da sanarwar hana shan shisha, saboda illar da take yi wa lafiyar matasa. Ba mu ne farau ba. Ruwanda da Kenya sun hana ta tun a watan Disamba na 2017, Mali kuma ta bi sahu a watan Agusta na 2022, inda ta ba masu sayarwa wa'adin wata shida su rabu da kayansu. Hujjar gwamnati kuwa mai ƙarfi ce. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa wanda ya zauna awa guda a kan tukunyar shisha yana iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye. Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar, ga kuma iskar gawayin da ake ɗorawa a kai, wadda ita ma guba ce mai zaman kanta.

Iyaye sun yi murna da wannan sanarwa, kuma sun yi daidai. Amma me ya biyo baya? Duk wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ko nan Yagwa ya san amsa. Tukunyar da a da ake ajiyewa a bainar jama'a ta koma bayan labule. Ta bar bakin titi ta shige ɗakunan samari, inda babu jandarma, babu kuma dattijon da zai wuce ya tsawata. A da in yaro ya zauna wurin shisha, kafin magariba labari ya isa kunnen mahaifinsa. Yanzu kuwa ƙofa a rufe take. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ana cikin haka sai ga puf, wadda ba ta bukatar tukunya ko gawayi ko ɗaki, aljihun wando ya ishe ta.

Wannan ba shi ne karo na farko da doka ta tsaya a kan takarda ba. A 2014 aka hana barasar nan ta cikin leda, aka ba kamfanoni wa'adi, aka yi ta ƙara wa'adin. A shekarar ce kuma dokar hana ledoji marasa kauri ta fara aiki, amma ku leƙa kasuwa ku gani da me ake ƙulla muku gishiri da tumatir. Ƙwayar taramol ba a yarda a sayar da ita ba sai da takardar likita, duk da haka kowa ya san ɓarnar da ta yi a tsakanin 'yan acaɓa da leburori. Man zuwa-zuwa kuwa, a kwalabe yake jere a bakin hanya. Mu mutanen kan iyaka ne. Ga Nijeriya a yamma, ga Chadi a gabas, tsakaninmu da Bongor kogin Logon ne kawai, an kuma buɗe gada a kansa a 2025. Abin da za a iya ɓoye ɗari a cikin jakar hannu, wane ɗan duwan ne zai iya tare shi duka?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan rauni namu ne mu kaɗai. Bari mu leƙa ƙasashen da suka fi mu 'yan sanda da kuɗi. A Amurka, a shekarar 2019, wata cutar huhu ta ɓarke a tsakanin masu zuƙar tururin nan. Zuwa Fabrairu na 2020 an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 sun mutu. Bincike ya nuna cewa yawancinsu sun sha ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi ne, wanda 'yan bayan fage suka gauraya da wani mai. Gwamnatin Donald Trump ta ce za ta hana duk mai ƙanshin kayan marmari. Masu sha da masu shaguna suka yi gangami a birnin Washington a watan Nuwamba na 2019, suna tuna wa shugaban cewa su ma suna da ƙuri'a. Da dokar ta fito a Janairun 2020, sai ta tsaya a kan irin wanda ake canza wa kwalbar ruwa, ta bar wanda ake sha a yar. Nan da nan yara suka koma kan na yarwa, musamman wani mai suna Puff Bar, wanda daga gare shi ne sunan puf ya bazu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga baya Turai ta waiwayi na yarwar. Beljiyam ta hana shi daga 1 ga Janairu 2025, Faransa a watan Fabrairu, Birtaniya kuma daga 1 ga Yuni na 2025. Banda lafiyar yara, akwai maganar shara, domin a 2023 an ƙiyasta cewa ana zubar da kusan miliyan 5 kowane mako a Birtaniya, kowanne da batirinsa. Yaya masu sha suka yi? Wasu suka yi ta saye suna tarawa kafin ranar ta zo. Kamfanoni kuma suka fito da wani mai kama da na da sak, launi ɗaya, ƙanshi ɗaya, sai dai an yi masa kafar caji da wurin canza ruwa don ya tsallake doka. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya tun 2019, amma bai ɓace daga kasuwar bayan fage ba. Ostareliya ta ce daga 1 ga Yuli 2024 sai a kantin magani kawai za a sayar, sai dai cinikin ɓoye na taba da puf ya yi ƙarfi a can har gungun miyagu suna ƙona wa juna shaguna a birnin Melbourne.

Akwai wani abu guda da nake so kowane uba ya riƙe. Mafi yawan waɗannan na'urori a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera su. Amma tun daga Oktoba na 2022 ita Sin ɗin ta hana sayar da masu ƙanshin kayan marmari a cikin gidanta, ta bar kamfanoninta su ci gaba da yi don fitarwa waje. Mai tuwo ya ƙi ba 'ya'yansa, ya ce a kai wa na maƙwabta. To, in Turai ta rufe ƙofa, Indiya ta rufe, ina kuke jin kayan za su nufa? Mu da muka saba karɓar gwanjon tufafi da tsofaffin motoci da magungunan da wasu suka ƙi, ba ma bukatar mai duba ya gaya mana.

Adalci ne kuma mu saurari masu sha, domin ba duka maganarsu ce ta banza ba. Suna cewa: ga sigari nan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, ana sayar da shi kara-kara a kan kowane tebur, gwamnati na karɓar harajinta. Abin da aka yi masa kawai shi ne manna hotuna masu ban tsoro a jikin kwali, wanda mai sayen kara ɗaya ba ya ma ganinsu. Don me za a bar babban a kama ƙaramin? Suna kuma kafa hujja da Ingila, inda hukumomin lafiya ke ganin tururin bai kai hayaƙin sigari illa ba, har a 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba shi ga mashaya sigari miliyan ɗaya don su bari.

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ga wa? Ga magidanci mai shekara 45 da ya yi shekara ashirin yana shan kwali guda a yini, yana neman tsani ya sauko. Ba ta shafi yaro ɗan shekara 14 da bai taɓa sa sigari a baki ba. Shi wannan tsanin hawa yake yi da shi, ba sauka ba. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma nikotin na taɓa ɓangaren da ke kula da natsuwa da koyo. Mu malamai mun san yadda yaron da wani abu ya kama yake: ba ya iya zama darasi ɗaya bai nemi izinin fita ba, ga saurin fushi, ga kuɗin karin kumallo ba ya isarsa. Sannan in na kantin Ingila an san abin da ke cikinsa, wanda ya ratso iyaka a cikin buhu, ya kwana cikin zafin watan Afrilu na Yagwa, wa ya auna shi? Ba don dattijo aka sa ƙanshin alewa ba. Wanda ya sa shi ya san wanda yake farauta.

Saboda haka ra'ayina shi ne, doka wajibi ce, amma sanarwa a rediyo ba ita ce doka ba. Ina roƙon hukuma, tun daga Yawunde har zuwa ofishin perefe, da ta sa ƙarfinta a kan mai shigowa da kaya da mai sayar wa yara, maimakon farautar yaron da aka riga aka ɗana wa tarko. In aka kama ɗalibi aka kore shi daga makaranta, an miƙa shi ne ga tasha, inda taramol ke jiransa. Ya kamata kuma a tanadi wurin da wanda ke son bari zai je a asibitocinmu a taimake shi ba tare da tozarci ba, domin wanda nikotin ya kama, in ka ƙwace wannan, wani zai nema.

Sauran aikin namu ne. Mu Hausawan ƙasar nan yawancinmu 'yan kasuwa ne, kuma kaya da yawa ta hannunmu suke bi daga Mubi da Kano zuwa kasuwannin Garwa da Marwa da Yagwa. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su zauna su yi yarjejeniya cewa babu ɗanmu da zai ɗora wannan abu a kan teburinsa, kome ribarsa. Kunyar idon jama'a ta fi tarar jandarma tasiri a wurinmu. Iyaye mata, ku da kuke wanki da shara, in kun ga wani abu mai launi kamar alƙalami ko murfin kwalba yana ƙanshin alewa, kada ku ɗauka kayan wasa ne. Iyaye maza, in an kawo muku labari, ku fara da tambaya kafin bulala: wa ya ba ka, tun yaushe, nawa kake kashewa? Yaron da aka daka zai ƙara iya ɓoyo ne kawai. Shi kuma uban da ke aiken ɗansa sayen sigari, ya sani ya riga ya ba da darasin da babu malamin da zai iya gogewa. 'Yan'uwana malamai, na boko da na allo, minti biyar a mako da za mu yi wa yara bayanin abin da ke cikin wannan na'ura ba zai rage mana kome ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shisha ta shammace mu, sai da ta zauna da gindinta muka farga. Wannan karon mun ga hadarin tun yana gabas, ya rage namu mu kwashe shanya.

Duk mai ƙarin bayani ko saɓanin ra'ayi, musamman ku matasa, ƙofar wannan fili a buɗe take, ku rubuto. Allah Ya shirya mana zuriya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.