Darasin Kazaure: a san juna tun kafin fitina ta tashi

A watan Nuwamban 2003, zargin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a wata makarantar sakandare ya tayar da tarzoma a Kazaure. Kafin ƙura ta lafa, an ƙona coci-coci sama da goma, da gidaje da shaguna. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok, baki da baki maganar ta zaga gari. Yau saƙon murya ɗaya na iya tashi daga Kazaure ya isa Roni da Gwiwa, ya leƙa Babura har ya tsallaka iyakar Nijar, tun kafin mai unguwa ya ji labari.

Babu Musulmin da zai ji an taɓa mutuncin Annabi ransa bai ɓaci ba. Amma hukunci aikin kotu ne, bayan bincike da shaida. Mai shagon da aka ƙona wa dukiya bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Masu yaɗa ƙiyayya sun fi samun kasuwa inda mutane ba su san juna ba. Haka Maitatsine ya tara matasan da suka shigo Kano babu mai kula da su, har rikicin Disamban 1980 ya ci rayuka sama da 4,000. Matashin da ba shi da sana'a, kuma babu babban da ke tambayar inda ya kwana, shi ne ake fara ja.

Wannan yanki yana da abin da manyan birane suka fara rasawa. Har yanzu ana jin maganar mai unguwa da dagaci da hakimi. Manomi da makiyayi suna haɗuwa a kasuwar mako. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu tana tara ɗalibai daga sassan Najeriya, masu addini da yare daban-daban. Sai dai wannan jari yana ƙarewa idan ba a raya shi.

Ya kamata kowace gunduma ta samu zaman wata-wata, wanda zai haɗa limaman Izala da na ɗariƙa, fasto, arɗo, sarkin kasuwa, shugabannin makarantu, mata da matasa. Su riƙe lambobin juna, a kuma san wanda za a kira ya tantance jita-jita cikin awa guda. Masarautun Kazaure da Ringim su ja ragama, ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin zaman tare da koya wa matasa sana'a.

'Yan sanda sukan iso ne bayan wuta ta kama. Limamin da ya saba gaisawa da fasto kuwa yana iya tsayawa a gaban fusatattun matasa ya ce a dakata, kuma su saurare shi. Irin wannan yarda ba a ranar tashin hankali ake ƙulla ta ba, don haka yanzu da ake zaune lafiya ya kamata a fara.