Marsandi Mai Shan Gas: Wane Inji Ya Kamata A Zaɓa?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, waɗansu masu hali suka fara waiwayar motocin alfarma na hannu masu shan gas, watau dizal, saboda injinsu yana tafiya mai nisa da lita kaɗan. Ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci kuwa ita ce Marsandi, musamman Mercedes E-Class ƙirar W211, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009. Jikinta iri ɗaya ne, amma injunan da ke cikinta sun sha bamban, kuma a nan ne kuɗin mai saye ya ke tsira ko ya salwanta.

Ƙaramin cikinsu da aka fi samu shi ne na E220 CDI, mai silinda huɗu, wanda kamfanin ya ke kira OM646. Ƙarfinsa doki 150 ne, daga baya aka ɗaga shi zuwa 170. Ba ya da fizga irin ta manya, amma kayansa a sarari su ke, bakanike yana kai hannu ko'ina ba tare da ya kwance rabin mota ba.

Babban kuwa shi ne na E320 CDI, kuma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, ko da dillalin bai yi niyya ba. Injuna biyu ne ke ɗauke da wannan lamba ɗaya. Har zuwa 2005 mai silinda shida a jere ake sawa, OM648, lita 3.2, doki 204, inji mai haƙuri ƙwarai. Daga nan aka maye gurbinsa da OM642, lita 3.0, doki 224, wanda silindoginsa su ke uku-uku a gefe biyu. Wannan na biyu ya fi lafiyar tafiya, amma an san shi da ɗigar baƙin mai daga robar na'urar sanyaya man, wadda aka binne a kwarin da ke tsakiyar injin. Robar ba ta da tsada. Kafin a kai gare ta ne sai an ɗauke turbo da bututun shan iska, aikin yini guda ko fiye, kuma in hannun da bai ƙware ba ya taɓa, sai a fita gareji da cuta biyu maimakon ɗaya. Saboda haka rubutun da ke bayan but ba shaida ba ne. Sai an ɗaga bonet an duba.

Har ila yau akwai wani tarko. Motocin da aka yi kafin gyaran fuska na 2006 suna da birki mai aiki da lantarki, SBC, wanda famfonsa ke da iyakar aiki, kuma canja shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ke nan wanda ya bi injin nan mai haƙuri na silinda shida a jere, da wannan birki zai haɗu. Wanda ya ɗauki E220 CDI ta bayan gyaran fuskar ya tsallake birkin, ya kuma tsallake ɗigar man. Ga mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da iyalinsa, lalle ita ce zaɓin mai hankali, ko da ya ke abokai za su ce ya sayi ƙarama.

Sa'an nan ga batun man kansa. Tun 2009 Turai ta ƙayyade farar wuta a cikin gas kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan, alhali Nijeriya ta yi shekaru tana barin har 3,000. An tsaurara ƙa'idar daga baya, kuma matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024, amma na bakin hanya da ake aunawa a jarka ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Injunan nan duka suna tura mai cikin nozul da matsi mai tsanani, ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya kashe su. Motocin da suka biyo baya kuma suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ba ta ƙone kunkunniyar da ta tara sai an yi doguwar tafiya. Motar da ke yini a cunkoson Legas ba ta samun wannan dama, sai matatar ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi.

Ranar ciniki, ya kamata mai saye ya iske motar da sassafe injinta da sanyi, ya ji yadda ta ke tashi. Ya sa a cire murfin roba da ke kan injin a duba gindin kowace nozul: in an ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, wankin tagullar da ke ƙarƙashinta ya daɗe yana yoyo. In mai silinda uku-uku ce, a ɗaga ta a leƙa inda inji ya haɗu da giya, don ta can man ya ke gangarowa. Inji da aka wanke tas ranar da za a nuna shi kuwa, a bar shi ya yi aiki rabin awa tukuna a sake leƙawa.